Ɗakin Mma da Na'urar Golf ɗin Jalil

Salamu alaikum, masu bin labarina. Ke da kike ta turo min "Zuweira ki gode wa Allah, kin samu miji mai hali", na ga saƙonki kuma na gode, amma yau ki riƙe yatsanki tukuna sai kin kai ƙarshe. Sababbin zuwa kuma ku matso in gaya muku inda aka kwana.

Ni 'yar Salaga ce, ina koyarwa a wata firamare a nan Yendi. Mahaifina ya rasu, kuma a cikin 'ya'yan da mahaifiyata ta haifa ni kaɗai na rayu. Mma tana can gidan gado a Salaga, a ɗakin da aka kai ta tana amarya. Rabin rayuwarta a gaban murhun banda ta yi shi, ta sayo kifin Makango, ta banda, ta kai kasuwa, har hayaƙi ya cinye mata ido. Yanzu in za ta zuba shayi, da yatsa take gane kofi ya cika. Baffa Mahama, ƙanin mahaifina, shi ne mai gida yanzu. Ɗansa Samed zai yi aure, kuma ɗakin Mma suke so. Baffa bai taɓa cewa ta fita ba, ya fi ƙarfin wannan gangancin. Sai dai duk ranar da na kira in gaishe shi, kafin mu rabu sai ya ce, "To Zuweira, yaushe mutanen Bawku za su tsayar da rana? Ɗakuna sun yi mana kaɗan fa."

Mutanen Bawku su ne dangin Jalil, wanda aka riga aka karɓi goronsa a gidanmu. Injiniya ne, ya yi shekaru yana aiki a mahaƙar zinariya a kudu, kuma can ne ya kwaso ciwon golf a wajen manyan ma'aikata. Da mahaifinsa ya rasu ya dawo ya riƙe cinikin hatsi da albasa na gidansu. A Yendi yake gina mana gida, saboda aikina kuma motocinsa ta nan suke bi.

Ranar da ya fara kai ni ganin ginin ko rufi ba a yi ba. Muna tsallake bulo yana nuna min, ga falo, ga namu, ga na Hajiya mahaifiyarsa don yana so ya ɗauko ta daga Bawku, ga wanda ya kira ɗakin wasansa. Sai ya tsaya a bakin wani ɗan ɗaki da ke manne da na wasan, ya dafa bangon, ya ce, "Wannan na Mma ne. Ba za mu bar ta a Salaga tana lalube ba."

Wallahi ban roƙe shi ba, ko da wasa ban taɓa kawo maganar ba. Na juya baya na yi kamar ƙasa ce ta shiga min ido. Ranar na so mutumin nan, so na gaske, ba irin wanda ake rubutawa a waya ba.

Da na gaya wa Mma sai da ta dafe ƙirji. "Ni in zauna gidan suruki? Uwata, so kike a yi da ni a Salaga har in mutu?" Uwata take ce min, don sunan mahaifiyarta aka sa min. Na ƙyale ta. Sai da aka jima ana kwana ana tashi, rannan muna waya tana ba ni labarin tsadar gawayi, sai ta ce, "Ɗakin nan da kika faɗa, yana kusa da bayi?" Wanda ya san Mma ya san ta yarda ke nan.

To ana nan sai golf ya shigo tsakani.

Bari in yi muku bayani yadda ni ma aka yi min. Filin golf ya yi wa Jalil nisa, sai ya ce filin ne zai zo ya same shi a ɗaki. Za a shimfiɗa farin ƙyalle mai kauri a bango, majigi ya haska hoton fili a kai, mutum ya tsaya a kan tabarmar ciyawar roba ya bugi ƙwallo na gaske ya daki ƙyallen. Akwai wata na'ura da ke auna yadda ƙwallon ya tashi, da ƙarfinsa da juyinsa, sai ta zana a hoton inda zai je ya faɗi. Wannan na'urar ita ce uwar tafiyar, ita ce kuma ta hana ni sukuni.

Kun san Bawku a 'yan shekarun nan, saboda rikici da dokar hana fita tun da sauran haske kowa ya shige gida. Jalil ba shi da aikin yi sai kallon bidiyon Turawa suna gwada na'urori a garejinsu. Wata ranar Laraba ina zaune a bayan aji lokacin tara, ina cin wake da shinkafa a leda, saƙonsa ya shigo.

"Zuwe, taimake ni da zaɓi. Na'ura mai rada ko mai kyamara?"

"Injiniya, ni da ban san bambancin sandar golf da muciya ba?"

"Haha. Mai rada a bayan mutum ake ajiye ta, tana bin ƙwallon bayan ya tashi, kamar yadda ake bin jirgin sama daga ƙasa. Ta fi sauƙin kuɗi, kuma in na je kudu zan iya tafiya da ita fili. Matsalarta ɗaya, dogon ɗaki take so."

"Ɗakin wasanka fa?"

"Ya yi gajere. Sai dai in an cire bangon tsakiya."

Bangon tsakiya. Jama'a, bango ɗaya ne a tsakiyar nan, shi ne wanda ya dafa da hannunsa ranar da ya ce na Mma ne. Na karanta na sake karantawa. Na ɗaure ledar waken na ajiye. Sai na tura masa hoton fuska mai murmushi, na rubuta, "Bari in bincika maka."

Da na koma ɗaki na nuna wa Anisatu. Anisatu nas ce, ɗaki ɗaya muke haya ni da ita, kuma bakinta ba ya da birki. Tana cire hular aiki ta karanta, ta miƙo min wayar.

"Kira shi yanzu. Ki ce masa, ɗakin uwata fa? Shi ke nan, magana ta ƙare."

"Ba zan iya ba."

"Me ya riƙe miki baki?"

"Anisatu, ba a ɗaura ba fa. In fara ƙirga wa mutum ɗakunan gidansa tun ina waje? Hajiyarsa da ma ta ce 'yan Salaga wayo gare su. In ta ji na buɗe baki na nemi ɗaki, cewa za a yi aure biyu za a kawo musu, ni da uwata."

"Shi fa ya yi alkawari."

"Shi ya sa. A gidanmu in mutum ya yi maka alkawarin alheri ba ka tuna masa. Ka tuna masa ka zama maroƙi. Mma ta gwammace ta kwana a tasha da a ce 'yarta ta roƙar mata wurin kwana a gidan suruki."

Anisatu ta yi tsaki ta ɗauki bokiti. Daga bakin ƙofa ta ce, "Wannan kunyar taku wata rana sai ta kashe mutum, wallahi."

Ni kuwa na riga na samo dabara, kuma a lokacin gani nake na fi kowa wayo a Yendi. Tunda ba zan iya cewa kada a taɓa bangon ba, sai in sa shi ya tsani na'urar da ke son a taɓa shi. In ya sayi mai kyamara, bango ya tsira, ba wanda ya roƙi wani, kowa ya riƙe mutuncinsa.

Kada ku so ku ga yadda na zama. Ina gyaran littattafan yara da jan biro, kunnena ɗaya toshe, wani jibgegen Bature mai gajeren wando yana yi min bayani daga garejinsa. Data ta ƙare in sake saya. Na gano mai kyamara a gefen ƙwallo ake ajiye ta, tana fuskantar mai bugu, hotuna take ɗauka daidai lokacin da sanda ta daki ƙwallon, don haka ba ruwanta da tsawon ɗaki, in dai akwai wurin wurga sanda ya ishe ta. Na gano mai rada a cikin ɗaki wani lokaci cinta take yi a kan juyin ƙwallo, saboda bai yi nisan da za ta gan shi da kyau ba. Ranar da na ji wani ya ce fanka mai juyawa da tarkacen ƙarfe suna rikita rada, sai da na yi guɗa ni kaɗai, Anisatu ta leƙo ta ce ko aljanu ne.

Na danna waya na yi masa saƙon murya mai tsawo, da muryar nan tawa ta aji.

"Injiniya, ka manta Yendi kake? Za ka kashe fanka a watan zafi ka tsaya kana wurga sanda? Kafin ka kai rami na uku sai an kwashe ka. Kuma kai da kake son ka gyara bugunka da ke karkata dama, me za ka yi da na'urar da ke cinta a kan juyi? Mai kyamara ganin idonta take faɗa maka."

Ko minti biyu ba a yi ba ya kira. Ina jin hayaniyar masu loda albasa a bayansa.

"Zuwe! Ke ce kuwa? Wa ya koya miki juyi?"

"Kai ka ce in bincika."

"Wallahi tun da na dawo arewa ban samu wanda zan yi wannan hirar da shi ba. Abokaina dariya suke min, wai na koma buga ƙwallon yara da sanda. Ashe abokiyar hirata tana nan kusa ban sani ba."

Muryarsa har rawa take don daɗi. Na ji wani abu ya ɗan soke ni, amma na danne. Daga ranar kullum sai mun yi. Ya turo bidiyo, in turo wanda ya ƙaryata shi. Ya kawo wata da ake maƙalawa a silin, muka duba tare muka ga kuɗinta ya kusa na mota, ga rufinmu bai kai tsayin da take so ba, muka watsar. Ya ce mai kyamara ta fi tsada, na ce abu mai kyau ai ba ya araha. Ban taɓa yi wa wani abu kamfe a rayuwata kamar yadda na yi wa akwatin nan da ko a ido ban taɓa ganinsa ba.

Wata Asabar ya zo Yendi ya ce mu haɗu a ginin. Na sa atamfata mai ruwan zuma da ɗinkin da ya sha tattara a hannu, na yafa mayafi ruwan madara, na sa takalmi mara tudu don na san wurin duk yashi ne. Anisatu ta goya ni a babur ɗinta, don ba zan je gidan da ba kowa ni kaɗai ba. Mun tarar an gama filasta. Jalil yana tsakar gida da farar riga mai wuya da hular hana sallah, ya kafa raga a jikin katanga, ya shimfiɗa tabarmar ciyawarsa.

Ya ɗauko bulo ɗaya ya ajiye a gefen ƙwallon, can ɓangaren da yake fuskanta. "Ki ɗauka wannan ce mai kyamararki. Nan za ta zauna." Ya buga, ƙwallon ya yi ƙara ya faɗa raga. Sai ya miƙo min sandar. "Bismillah, malamar juyi."

"Rufa min asiri, ni a baki na iya."

"Sai kin gwada."

Anisatu tana gefe tana cin gyaɗa tana zuga shi. Na ɗaure mayafina a ƙugu, na tsaya yadda ya tsaya, na riƙe yadda ya nuna. Na farko iska na buga. Na biyu tabarmar na daka har hannuna ya yi zafi. Anisatu ta kusa faɗowa daga kan buhun siminti don dariya. Haushi ya kama ni, kuma ni in haushi ya kama ni ba na tunani. Ban san lokacin da na zagaya ɗaya ɓangaren ba, na ture bulon nan da ƙafa don ya tare min wurin tsayawa, na juya kan sandar, na sake ta da hagu. Tas! Ƙwallon ya tafi sak ya shige raga.

Jalil ya juyo ya dube ni.

"Zuwe, ke bahaguwa ce?"

Kunya ta rufe ni. Ko Anisatu ba ta sani ba. Ina ƙarama Mma da ɗankwalinta take ɗaure min hannun hagu a baya lokacin cin abinci, tana kuka ina kuka, don kada a ce ba ta ba ni tarbiyya ba. Da dama nake ci, da dama nake rubutu, da dama nake miƙa wa mutane abu. Amma in abu ya zo na ƙarfi, hagun ce ke fitowa.

"Laifi ne?" na ce.

"Laifi? Kin ga yadda kika juya kafaɗa kuwa? Wata shida na yi kafin in iya haka."

Ya kalli bulon da na ture, ya kalle ni, ya sake kallon bulon. Sannan ya yi murmushi. Ni dai gyaran mayafina nake, ban kawo komai a raina ba.

Da za mu tafi na ratsa ta ƙofar ɗakin Mma. An sa taga, tana kallon bishiyar mangwaron maƙwabta. Jalil yana bayana da makullai a hannu. Maganar ta zo min har bakin leɓe, wallahi ta zo. Abin da ya fito shi ne, "Ɗakin nan akwai iska."

"Sosai," in ji shi. Muka fita.

Washegari na hau mota na tafi Salaga duba Mma. Baffa Mahama yana zaure a kan buzunsa da rediyo, na durƙusa na gaishe shi. Bai bari na miƙe ba.

"Ginin naku ya kai ina?"

"An gama filasta, Baffa."

"Har da wurin da aka ce an ware wa uwarki?"

Ashe maganar ta kai kunnensa. Na gaji da wannan tambayar tasa mai zagaye, na gaji da yadda matan gidan ke yin shiru in na shigo. Sai na ɗaga kai na ce, "Har da shi. An sa taga da ƙofa, fenti kawai ya rage."

"Madalla, madalla. Yaron kirki ne." Ya ƙara wa rediyonsa murya.

Na sami Mma a bakin gadonta na ƙarfe mai rumfa, ta zazzage akwati tana ninke zannuwa. Da shafawa take gane kowanne. Ta ce wannan na ranar sunana ne, wannan mahaifina ya sayo mata a Kumasi. Na ce me ya kawo ninki yanzu, ta ce ba komai, asu take dubawa. Na dafa mata tuwo da miyar ayoyo, muka ci a kwano ɗaya, ta riƙa tura min naman kifin tana cewa ta ƙoshi.

Bayan kwana biyu saƙon Jalil ya shigo. "Na yanke shawara. Na yi oda."

"Mai kyamara?"

"Kada ki tambaye ni. Kuma kada ki je ginin sai na ce ki zo. Akwai abin da nake shirya miki."

Ya haɗa da jan zuciya har uku. Na nuna wa Anisatu ina taƙama, na ce ga shi nan, ba tare da na zubar da mutuncin kowa ba. Ta kalli wayar ta ce, "Yoo. Allah ya sa." Makonni suka wuce ina ta zuba masa ido. Na tambaya ya ce kaya suna kan ruwa, na sake tambaya ya ce sun iso tashar jiragen ruwa ta Tema. Ko sau ɗaya ban ce masa bangon fa ba. Na ɗauka na gama da wannan.

Yau Asabar da hantsi ya kira ya ce in zo. Anisatu tana wurin aiki, sai na hau babur ɗin haya, tunda ya ce masu aiki suna nan. Na sa doguwar riga baƙa mai aikin zare a wuya, har da turaren da ya kawo min. Tun daga ƙofar gida na ga tarin fasassun bulo a gefen katanga, da filasta a jikinsu. Na ce wa kaina ƙila na wani wuri ne.

Ya tare ni yana murna kamar yaron da aka saya wa keke. Ya ce in rufe ido, na ce ba na rufewa. Ya tura ƙofar ɗakin wasan.

Ɗaki ɗaya ne dogo, sanyin esi ya daki fuskata. Can ƙarshe ga farin ƙyalle ya cika bango, an haska kore shar da bishiyoyi da wani tafki. Ƙasa duk ciyawar roba. Ƙofar ɗakin Mma an toshe ta da bulo an shafe. Tagar nan mai kallon mangwaro an rufe ta da baƙin labule don kada haske ya ɓata hoton. A daidai inda na riga na ajiye gadon Mma a cikin raina, wani ɗan akwati ne a ƙasa a kan ƙafafu uku, da 'yar fitila tana ƙiftawa.

"Na san za ki ce juyi," ya ce da sauri yana dariya. "Kin fi ni gaskiya a kan juyi, na yarda. Amma na sayo ƙwallaye na musamman da rada ke gani da kyau, fanka kuma na cire ta na sa esi. Zuwe, ranar nan da kika ture bulon nan na gane. Mai kyamara a gefe take zama, daidai inda ke za ki tsaya. In na buga sai mun ɗauke ta mun mayar ɗaya gefen mun sake saita ta kafin ki buga, haka za mu yi ta yi har wasan ya fita ranki. Mai rada tana baya, ba ruwanta da dama ko hagu. Me zan yi da na'urar da za ta hana matata wasa?"

Ya jawo wata doguwar jaka daga bayan ƙofa, sabuwa fil da ledarta. "Na 'yan hagu ne. Sai da aka nemo su daga waje."

Ban karɓa ba. Bakina da ya ƙi buɗewa wata da watanni, yau da ba shi da amfani ya buɗe.

"Ɗakin Mma fa?"

Dariyar ta tsaya a fuskarsa. Ba fushi ya yi ba, da fushi ya yi da na ji sauƙi. Mamaki ne tsagwaronsa.

"Mma? Zuwe, ai na ɗauka ta ƙi."

"Wa ya ce maka ta ƙi?"

"Ba wanda ya ce min ta yarda. Kullum muna waya, ba ki taɓa ambata ba. Na rubuta miki da hannuna cewa sai an cire bangon, kika turo min murmushi. Na tambayi Hajiya, ta ce babu dattijuwar Salaga da za ta zauna gidan suruki, ta ce shirun da kika yi amsa ce, kada in matsa in ba ki kunya. Ni ma kunyar tambayarki na ji."

Na nemi abin da zan ce masa ƙarya ne, ban samu ba. Duk abin da ya faɗa haka aka yi.

"A mayar da bangon," na ce. 

Ya ɗaga kai ya kalli sama. "An zuba ƙarfe da kankare a nan don ya riƙe rufin, an ja waya, an shimfiɗa ƙasa. Kuma in an mayar, na'urar ba za ta yi aiki ba, ga shi ba a karɓar ta in an buɗe."

"Ɗakin Hajiya fa, kafin ta zo?"

"Gadonta yana ciki tun shekaranjiya. Zuwe, kin san ba zan iya buɗe baki in ce wa Hajiya ta ba da ɗakinta ba." Ya shafa kai. "Ki bari bayan biki mu gani. Ƙila maƙwabcin nan ya yarda ya sayar min da gefen filinsa."

Mu gani. Ni ma malama ce, na san abin da nake nufi in na ce wa iyayen yaro mu gani. Raina ya ɓaci, amma ban san wa zan ɓata wa ba. Mutumin nan ya rushe ɗakin uwata ne don yana sona, kuma ni na koya masa cewa abin da nake so ke nan. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar yau ba.

Sai wayata ta yi ƙara a jaka. Lambar baƙuwa ce. Na koma bakin ƙofa na ɗauka, na ji rugugin babbar mota, sannan muryar Mma tana ɗaga murya yadda take yi in tana ganin waya ba ta kai.

"Uwata, kina ji na? Wayar direba ce. Baffanki ya kawo mai fenti da safe, wai gara a fara tun yanzu kafin bikin Samed. Ya samo min motar doya da za ta Yendi, ko sisi ba su karɓa ba, an loda min kayana a sama."

"Mma, kina ina yanzu?"

"Wai mun wuce Bimbilla. Kada ki tayar da hankalin yaron nan, ni ba zan kwana gidansa ba sai an ɗaura, wajenki zan raɓa ko a tabarma. Kayan kawai za a sauke a ɗakin, gadon da akwatuna da tukwanena. In ba a yi fentin ba ma ya bari, me zan gani a ciki? Ga direba, ki yi masa kwatance."

Direban ya karɓa. "Madam, in na shigo gari ina zan bi?"

Na juya. Jalil yana tsaye a kan ciyawar robarsa, riƙe da jakar sandunan da ban karɓa ba, yana tambayata da ido ko lafiya. Ɗakin hayarmu ni da Anisatu ko katifa ta uku ba ya ɗauka, balle gado mai rumfa. Salaga kuwa an riga an buɗe gwangwanin fenti. Ba ni da wani gidan da zan kwatanta, sai na kwatanta masa wannan. Na ce ya bi ta bayan kasuwa, ya wuce famfon unguwa, gida mai baƙar ƙofa.

Mma ta sake karɓar wayar. Yanzu ta sassauta murya, kamar ba ta so direban ya ji.

"Yana kusa da ke?"

"Yana nan, Mma."

"Ni ba zan iya faɗa masa da bakina ba. Ki ce masa na gode. Ki ce Allah ya yi masa albarka, yadda ya rufa min asiri Allah ya rufa masa."

Wayar ta katse. Jalil ya matso, ya ajiye jakar a hankali.

"Mma ce? Me ta ce?"

"Ta ce Allah ya yi maka albarka."

"Amin," in ji shi, har da shafa fuska, don bai san motar tana hanya ba.